Magungunan Inna Raliya

Inna Raliya ta zazzage ƙwayoyin a tafin hannunta na hagu, ta tsaya tana kallon su. Ga farare ƙanana, ga wata mai ruwan hoda, ga doguwa mai kai ja da gindi rawaya. Ba ta san sunan ko ɗaya ba, amma ta san mai kowacce. Na cikin kwali na babban ɗanta ne, Abdulsamad, ma'aikaci a Birnin Kudu. Na cikin farar leda kuwa na Ubaidullahi ne, direban bas, wanda take zaune a gidansa a nan Gwaram. Ta yi bisimilla ta watsa su duka a baki, ta kora da kunun tsamiya. Ba ta shan na ɗaya ta bar na ɗaya. Tun suna yara ko ƙuli-ƙuli ba ta taɓa raba musu da son kai ba, ba kuwa yanzu da furfura za ta fara ba.

Kafin ta ajiye ludayin cikinta ya ɗauki zafi, a nan ƙarƙashin ƙirji, kamar an ɗora mata garwashi. Ta tashi daga tabarma ta koma bakin ƙofa. Can ma bai yi ba. Ta dafa bango ta nufi gindin darbejiya, ta zauna a kan kifaffen turmi, ta sake miƙewa.

"Hajjaju, yau kuma sintiri ake yi?" Ubaidu ne ya fito da sauri, makullin mota a yatsa. "Kin gani ko? Wadda da sai an riƙe ta take kaiwa banɗaki. Haɗin nan nawa ba wasa ba ne."

"Gwiwar dai ta yi sauƙi," in ji ta. "Cikina ne, Ubaidu."

"Olsa ce. Wa ya rasa ta yanzu? Ni ma in na wuce Wudil ban karya ba haka nake ji. Zan taho miki da na olsa daga Kano. Amma wannan kada ki daina, safe da yamma. Mu direbobi shi muke sha, ka yini kana tuƙi ba ka ji bayanka ba."

"Tsaya mana ka ji."

"Ana jirana a tasha, Inna. Sai na dawo."

Ya fice, ta bi ƙeyarsa da kallo, hannunta a kan ciki.

Maganin Abdulsamad daga asibiti yake. A bara da bakinta ya ɗan karkace, hannunta ya yi sanyi, shi ya kai ta. Likita ya ɗora ta a kan maganin hawan jini da wata 'yar ƙwaya mai tsinka jini, don kada abin ya dawo. Tun daga nan ba a sake mayar da ita gaban likita ba. Abdulsamad ne yake zuwa ya ce jiki da sauƙi, ya karɓo, ya kawo. Ya so ta zauna a wurinsa, ta ƙi. Shi ɗan fari ne. A gidansu kuwa, kamar sauran gidajen da iyayensu suka taso a ruga, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, balle ta tare a gidansa yana jin tarinta. Ubaidu ya ɗauki zamanta a wurinsa a matsayin nasara, Abdulsamad ya ɗauke shi cin fuska. Gaisuwa kawai take haɗa su yanzu, ita ma a tsaitsaye.

Da damina ta zauna, wata safiya Inna ta fito daga banɗaki. Ta jira har yaran gidan, su Saifullahi, suka tafi makaranta, sannan ta yafito Khairiyya, matar Ubaidu, wadda take tsintar shinkafa a faranti.

"'Yar nan, matso. Bayan gidana ya zama baƙi. Baƙi ƙirin, kamar kwalta."

Khairiyya ta danne dariya. "Haba Inna! Miyar kuka fa kika sha jiya da shekaranjiya."

"Da miyar kuka na girma. Ba haka take ba."

"To basir ne. Gobe kasuwa, akwai mutumin nan mai lasifika, jiƙonsa ba ya ƙarya. Maƙwabciyarmu Maman su Khuzaima shi ta sha ta warke."

Washegari robar jiƙo mai ɗaci ta ƙaru a kan taga. Ba wai Khairiyya muguwa ba ce. Ga goyo, ga girki, ga wanki da ba ya bushewa saboda ruwa, ga tsohuwa tana zirga-zirga daga ɗaki zuwa tsakar gida tana nishi tana kiran sunanta. Da kiran ya ishe ta, sai ta sayo ƙwayar barci a kemis, tana marmasa ta a cikin fura.

"Hutu take buƙata," ta gaya wa maƙwabciyarta ta kan katanga. "Tsufa ne kawai, sai haƙuri."

Kiran kuwa ya ragu. Inna tana zaune sai wuya ya langaɓe, carbi ya zame ƙasa. In ta farka ba ta san azahar ce ko la'asar ba, sai ta tashi ta sake sallar da ta riga ta yi. Amma ko a cikin gyangyaɗin yatsunta ba sa barin cikin nan, suna murza zani suna saki. Fuskarta ta cicciko, kumatu suka fito. Mata masu shigowa dubiya suka riƙa tafa hannu.

"Ma sha Allah, Inna ta murmure! Dubi kumatu."

"Ai wanda ya haifi irin su Ubaidu ya huta."

Ita dai sai ta ce, "Alhamdu lillahi," ta gyara zama, ta sake gyarawa.

Ranar Asabar Abdulsamad ya zo. Ya yi sallama ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta, bai shiga ba. Inna ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango.

"Inna, ina wuni. Ya jikin?"

"Da sauƙi."

"Ana shan maganin?"

"Ana sha."

Maganar tana nan a bakinta. Tun da ta ji tsayuwar motarsa take jujjuya yadda za ta faɗe ta. Amma ta ina za ta fara yi wa wannan zancen banɗaki, wanda ko sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba? Ta yi fatan ya ɗan daɗe a tsugune, ko kunyar za ta gaji ta sake ta. Shi kuwa idonsa ya riga ya sauka a kan farar ledar da ke taga.

"Khairiyya! Mene ne wannan?"

"Na gwiwa ne, Yaya. Baban su Saifullahi ne yake kawowa."

Ya kwance ledar, ya juya ƙwayoyin da yatsa, ya yatsine fuska. "Tarkacen tasha. Ko kwali babu. Ni ina kai ta wurin likitoci, shi yana ɗura mata abin 'yan kamasho. Ki zubar da su yau ɗin nan. Kuma ki gaya masa ni na ce."

"To, Yaya." Khairiyya ta karɓi ledar. "Wai ko za a mayar da ita a duba ta? Tana yawan cewa cikinta."

"Satin nan muna da baƙi daga Dutse a ofis. In an kwana biyu zan zo in ɗauke ta. Ai da ta bar wannan shirmen za ta warware."

Ya ajiye sababbin kwalaye da ledar lemon zaƙi, ya duba waya, ya miƙe. A ganinsa ya yi abin da ya kawo shi, har ma da ƙari.

Da yamma Khairiyya ta isar da saƙo. Ubaidu ya tsaya a tsakar gida yana ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"A gidana? Shi da yake zuwa kamar duba-gari, ya leƙa ya tafi? Lokacin da take jan jiki a ƙasa da maganinsa na kwali, wa ya miƙar da ita?"

Ya shiga ɗakin Inna ya durƙusa, muryarsa ta sauko. "Inna, in nasa kika fi so ki gaya mini, in san matsayina. Dama shi ne ɗan boko, ni ɗan tasha ne."

"Wa ya ce maka haka?"

"To ki sha a gabana."

Ta sha a gabansa. Washegari ya dawo da haɗin mai yawa don kada ya yanke, ya ce ma mai kemis ɗin ya ƙara wani mai ƙarfi a ciki, ya tura a kwalla ƙarƙashin gadonta inda idon baƙo ba zai kai ba.

Haka kwanaki suka yi ta ja. Tuwo ya daina shiga, sai kunu, shi ma ludayi kaɗan. In ta miƙe sai gari ya juya mata, ta rungume darbejiya har ya tsaya. Numfashi ya zama aiki. Ubaidu ya ce sanyin damina ne. Khairiyya ta ce rashin cin abinci ne. Abdulsamad ya bugo waya ya tambaya ko an zubar da tarkacen, aka ce masa an zubar.

Ana cikin haka Bilkisu ta zo, 'yar Inna mace tilo da ke aure a Fagam. Ta sauka daga babur da ƙwaryar nono, ta shigo tana murnar kumatun da aka ba ta labari. Da ta kama hannun uwar sai murnar ta tsaya. Tafin fari fat, kamar na wadda ta yini tana wanki. Ta ja fatar idonta ƙasa, babu ɗigon ja.

"Inna, me yake damun ki? Ki gaya mini gaskiya."

Inna ta gaya mata, a hankali, tana hutawa a tsakani. Bilkisu ta raka ta banɗaki ta gani da idonta. Ta fito ta ɗauki waya ta kira Abdulsamad.

"Yaya, jini Inna take zubarwa ta ciki. A zo a kai ta asibiti yau."

"Ke likita ce?" in ji Abdulsamad. "Na riga na hana abin da yake jawo wannan. Litinin zan zo. Kada ki tayar wa mutane hankali."

Ta kira Ubaidu. Ƙarar tasha ta cika wayar.

"Shi ya turo ki ko? To ba mai fitar mini da uwa daga gida ba na nan, a je ana cewa na kasa. Mota tana wurin bakanike, gobe ina tafe."

Bilkisu ta yafa mayafi ta ce za ta nemo mota da kanta. Khairiyya ta sha gabanta a zaure, idonta ya kawo ruwa.

"Yaya Bilkisu, ki rufa mini asiri. Kin san halinsa. In kika fita da ita, ni zai sauke wa."

Daga ɗaki muryar Inna ta fito, siririya. "Bari ya dawo, Bilki. Kada a ce na bi ɗaya."

Bilkisu ta cire mayafin, ta sake yafawa, ta sake cirewa. Ta kasa zaune ta kasa tsaye. Abin da ta iya kawai shi ne ta tsinci kowane irin magani ɗaya-ɗaya, na kwali da na leda, da robar jiƙon, da ƙwayar da Khairiyya ta fito da ita tana sunkuyar da kai, ta ƙulle su wuri guda. Ta hana Inna shan komai. Inna har da fushi, wai yaran nan sun wahala sun kawo.

Da hantsi washegari Inna ta ce a ba ta buta. Tana tsugune tana wanke hannu amai ya taso mata, baƙi-baƙi mai gudaji, daga baya ja. Ta sulale a jikin Bilkisu. Daidai lokacin Ubaidu ya yi sallama, riƙe da maganin olsar da ya daɗe yana mantawa.

A kujerar baya ta bas ɗinsa aka kwantar da ita, kanta a cinyar Bilkisu. Gero da dawa kore shar suna ta wucewa ta taga. Ubaidu yana danna hon, yana faɗawa ramuka, yana waiwaye.

"Inna, kina ji na? Mun kusa. Bilkisu, ki yi mata magana mana!"

Da duwatsun Birnin Kudu suka bayyana leɓɓanta sun riga sun yi fari.

Abdulsamad ya riske su a asibiti. Bayan an shiga da Inna an sa mata ruwa, likitar, wata mace mai tabarau, ta kira su ukun. Bilkisu ta kwance ƙullin ta juye a kan tebur. Likitar ta riƙa ware ƙwayoyin da bayan biro.

"Wannan mai tsinka jinin daga nan aka ba ta, kuma tana buƙatar sa. Waɗannan biyun maganin ciwon jiki ne, aikinsu ɗaya, kala ce kawai ta bambanta, kuma suna ƙwarzane ciki. Wannan ƙaramin shi ya kumbura mata fuska, shi ma yana taya su. To kun gani, waɗannan suna yin rauni, wancan yana hana jinin tsayawa. Ga na barci a kai, ga jiƙon da ban san abin da ke cikinsa ba. Jikin tsoho ba ya fitar da magani da wuri kamar na yaro, taruwa yake yi." Ta ɗago kai. "Wa yake zuwa karɓar mata magani?"

"Ni ne," in ji Abdulsamad.

"Ba a tambayar ka ko tana shan wani abu daban?"

"Ana tambaya."

"Me kake cewa?"

Ya juya yana kallon taga, likitar ta ci gaba.

"Da ita kuka kawo, ko da ƙullin nan kaɗai kuka kawo tun da wuri, da ba mu zo nan ba. Yanzu jini muke nema, da gaggawa."

Suna fita baranda suka fara.

"Ka ji ko? Naka ne yake ƙwarzane ciki," in ji Abdulsamad.

"Kai ba ka ji ba? Naka ne ya hana jinin tsayawa. Mu da muke sha kullum me ya same mu?"

"Ka ce an zubar!"

"Kai ka ce za ka zo ka ɗauke ta. Ina ka shiga?"

Har wurin ɗibar jini sai da suka yi musun wanda za a fara ɗiba. Bilkisu ta bar su ta koma gefen gadon. Can da la'asar Inna ta buɗe ido, ta saurari muryoyin da ke tashi a waje.

"Bilki," ta ce, "kada a ce na wane ne. Duka na sha."

An ƙara mata jinin duka biyun. Bai riƙe ba. Washegari kafin azahar ta cika.

A gindin wata bishiya kusa da motar da za ta mayar da gawa Gwaram, 'yan'uwan suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, idanu jajur. Abdulsamad ne ya kira Bilkisu.

"Maganar da likita ta yi, ta tsaya a nan. Kwana ne ya ƙare."

"Haka ne," in ji Ubaidu. "Ko Khairiyya ba sai ta ji ba. In ta fita, me mutane za su ce da mu?"

Bilkisu ta dube su. Rabon da ta ga bakinsu ya zo ɗaya har ta manta.

"Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Yaya."

Ranar sadakar uku gidan ya cika. A waje maza a kan tabarmi, ana ta yi wa 'ya'yan mamaciya addu'a. A cikin gida mata sun kewaye ɗakin Inna, Khairiyya tana fito da kayanta ana rabawa sadaka, kamar yadda aka saba: zannuwa, mayafai, buta, takalmin roba. Bilkisu tana can madafa tana kwashe gumba. Da ta dawo da faranti sai ta tarar an jawo kwallar ƙarƙashin gado, an buɗe. Tsofaffi sun matso. Khairiyya tana damƙa wa kowacce, na leda da na kwali a haɗe.

"Ga shi, Goggo, kada su lalace a banza. Ladan ya kai mata. Ke ma ai gwiwar ce, ga hawan jini."

Goggo Ikilima, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, ta karɓa da hannu biyu. "Allah ya jiƙan Raliya. Ita kam ta ga gata. Na ga yadda maganin nan ya miƙar da ita, har da kumatu." Ta zazzage wasu a tafinta ta waiwaya. "Wa zai ba ni ruwa?"

Farantin ya suɓuce daga hannun Bilkisu, gumba ta watse a ƙasa.

"Goggo, kada ki sha!"

Kowa ya waiwayo.

"Su suka kashe ta," in ji Bilkisu, muryarta tana fita har tsakar gida. "Haɗa su da aka yi ne ya fasa mata ciki. Likita ta faɗa a gabanmu, ni da su Yaya. Duk wadda ta karɓa ta dawo da shi."

"Subhanallahi! Bilkisu, a gidan makoki?"

"Kwana ne dai ya ƙare, 'yar nan, ki yi istigfari."

"Ko dai sadakar ce ba ta so a yi?"

Khairiyya ta tsaya da leda a hannu, bakinta a buɗe, tana kallon Bilkisu kamar yau ta fara ganin ta. Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta yi wuf ta cusa nata a lalita. Goggo Ikilima kuwa ta dunƙule hannu ta kai shi ƙirji.

"Abin da 'ya'yanta suka kawo mata da hannunsu? Ni wa nake da shi da zai kawo mini?"

Bilkisu ta durƙusa a gabanta a kan gumbar da ta zube, ta kama dunƙulallen hannun. Tsohuwar tana da ƙarfi fiye da yadda ta zata. Daga waje muryar liman tana shigowa ta kan katanga, yana cewa samun 'ya'yan da za su tsaya wa uwa da magani kamar waɗannan sai an tona, maza suna amsawa da amin. Bilkisu tana kuka tana ɓamɓare yatsun Goggo, ɗaya bayan ɗaya, tana buɗe wannan wancan yana rufewa.